Fatalwar Dunnottar, Aljanun Surame da Tarihin Zangonmu

A gaɓar teku ta arewa maso gabashin Sikotlan, kusa da garin Stonehaven, akwai kangon wata tsohuwar fada mai suna Dunnottar. Tana kan wani curin dutse mai tsayin kusan mita 50, ruwa ya kewaye shi ta fuska uku, hanyar shiga kuwa guda ɗaya ce, siririya. Masu ziyara sun daɗe suna cewa akan ga wata mace mai koren tufafi a ɗakin da ake dafa giya a zamanin da, wasu kuma su ce sun hango wani dogon mutum yana nufar ɗakin masu gadi. Bahaushen da ke sayar da albasa a Anacha, ko shanu a Garki ta Inugu, ba zai ji wannan baƙon zance ba, domin a hirar dare wajen mai shayi ba a rasa labarin tsamiyar da ba a zama gindinta da tsakar rana, ko kufan da ake jin kiɗa a cikinsa. A ganina irin wannan labari ba ya tabbatar da cewa matattu na dawowa, amma wanda ya yi watsi da shi ya yi asara, domin sau da yawa yana nuna wurin da wani abu mai nauyi ya auku aka bar shi ba a rubuta ba.

Dunnottar ita kanta shaida ce. A watan Mayu na 1685 aka tura mutum 167, maza 122 da mata 45, cikin wani kurkukun ƙasa a fadar, saboda sun ƙi rantsuwar cewa sarki ne shugaban cocinsu. Ɗaki guda ne mai danshi, tagarsa tana kallon teku, a nan suke kwana, a nan suke biyan buƙata, har wajen wata biyu. Mutum 25 suka fice ta tagar suka bi gefen dutsen, biyu suka faɗa suka mutu, aka sake kama 15. Waɗanda suka dage kan ƙin rantsuwa aka loda su a jirgin ruwa zuwa Amurka, da yawa ba su isa ba. Bayan wani tawaye da aka yi a 1715 an ƙwace fadar daga hannun masu ita, aka yaye rufinta, ta zama kango har shekarun 1920 da aka fara gyara. Baƙo yakan zo ne don mai koren tufafi, amma ba ya fita sai an tsayar da shi a wancan kurkuku an gaya masa abin da aka yi a ciki.

Mu ma muna da kufai, har wanda ya fi wannan faɗi nesa ba kusa ba. Surame, a jihar Sakkwato, Muhammadu Kanta ne ya gina ta a farkon ƙarni na 16 bayan ya ɓalle daga Askiya na Songhai, ta zama babban birnin Kabi har farkon ƙarni na 18 da sarauta ta koma Birnin Kebbi. Ganuwarta ta dutse ce, abin da ba a cika gani a ƙasar Hausa ba, kuma har yau akwai sassanta a tsaye cikin daji. Labarin baka ya ce Nufawa sun makara zuwa aikin ginin, sai Kanta ya sa su kwaɓa rabonsu da man kaɗe maimakon ruwa. Ko haka aka yi ko an ƙara gishiri, zancen ya adana gaskiya guda: da aikin tilas na ƙasashen da aka ci da yaƙi aka tashi wannan ganuwa. An sa Surame cikin kayan tarihin ƙasa a 1964, ta shiga jerin wuraren da ke jiran amincewar UNESCO a 2007, amma Bahaushe in ya ga kufai irin wannan abin da ke fara zuwa bakinsa shi ne gidan aljanu ne, daga nan zance ya mutu. Haka dutsen Dala: yaran Kano sun san sunan Tsumburbura da Barbushe, kaɗan ne suka san an narka ƙarfe a wurin tun ƙarni na 7.

Malami zai ce wannan duk camfi ne, kuma raya shi buɗe ƙofar shirka ce. A kan asalin magana yana da gaskiya. Wanda ya rasu yana barzahu, ba ya komowa ya yi yawo a ɗakin giya. Larabawan jahiliyya sun yi imani cewa wani tsuntsu kan fito daga wanda aka kashe, ya riƙa kuka a kabarinsa har sai an ɗaukar masa fansa, Manzon Allah (SAW) kuwa ya kore wannan. Aljanu akwai su, amma wannan bai zama lasisin jingina musu kowane motsin jemage ba. Sai dai a lura da abin da wancan camfi na Larabawa ke ɗauke da shi: jinin da aka zubar ba a biya ba. Kuma da Annabi ya ratsa kufan Samudawa a hanyar Tabuka, bai ce a manta da wurin ba, ya ce a wuce shi cikin tsoron Allah da ɗaukar darasi. Addini ya hana gaskata fatalwa, bai hana tambayar abin da ya faru a kufai ba.

Ɗan boko kuma zai ce iska ce ke bi ta kafofin gini, igiyar ruwa ke ruri a kogo, dannau ke danne mai barci, sauran kuma tallan masu neman kuɗin baƙi ne. A 2001 masanin halayyar ɗan Adam Richard Wiseman ya shigar da mutane fiye da 200 ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na birnin Edinburgh, ya ga abin da suka ce sun ji yana da alaƙa da yanayin ɗaki, kamar haske da girmansa. Na yarda. Amma wannan ya bayyana dalilin tashin tsikar jiki ne kawai, bai gaya mana wanda aka kulle a ɗakin ba.

Abin ya fi shafar Hausawan Gabas, don su ba su da ganuwar dutse da za ta tsaya musu. Mahaƙa kwal 21 da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe a Iva Valley ranar 18 ga Nuwamba 1949 suna da mutum-mutumin tunawa a Inugu, kuma sun cancanta. Namu tarihin yana zango, da kara, da tsohon masallaci, da maƙabarta, wuraren da ake tasa a mayar gaba duk lokacin da gari ya faɗaɗa. Maharban giwa da suka zauna a Elele a ƙarshen ƙarni na 19, da fataken da suka bi layin dogo na Fatakwal zuwa Inugu bayan 1916, da Malam Umaru Altine da ya zama magajin garin Inugu na farko, da unguwannin da suka watse a 1966 da lokacin yaƙin basasa, da waɗanda aka kashe a Anacha a Fabrairun 2006, mafi yawan wannan tarihi a kawunan dattawa yake. Farfesa Egodi Uchendu ta Jami'ar Nsukka ta bi irin waɗannan dattawa ta fitar da littafi kan tarihin Musulunci a Gabas a 2011, amma aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Don haka in dattijo ya ce wa saurayi kada ya kwana a wancan lungun kara, ba wurin kirki ba ne, dariya ba amsa ba ce, gudu ma ba amsa ba ne. Ya gyara zama ya ce, Baba, me ya faru a nan, wace shekara, su wa da wa, daga wane gari suka zo? Wayar da ke aljihunsa ta isa ta ɗauki amsar, Sarkin Hausawa da limamin Juma'a na kowane zango kuma su ne ya kamata su tanadi inda za a ajiye ta.