Minti Ɗaya a Gaban Allo

Malamin da ya san aikinsa, ranar da zai buɗe darasin magana a gaban jama'a, ba ya farawa da cika allo da rubutu. Suna yake kira daga rajista, ya ce wa ɗalibi ya fito ya gaya wa aji ko shi wane ne cikin minti ɗaya. Nan ake ganin ikon Allah. Saurayin da ke hana kowa sakat da gardamar ƙwallo a majalisar mai shayi a Kawo ko Malali, da ya juyo ya ga idanu sun yi masa caa, sai yawu ya ƙafe. Ya gyara hula, ya sake gyarawa, ya ƙura wa siminti ido, muryar ma ta maƙale a maƙoshi.

Ba rashin ilimi ba ne. Tun muna ƙanana aka hore mu da cewa yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya kuma tsoma baki in manya na zance. Tarbiyya ce mai kyau a zaure. Amma ɗalibin Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, ko na Kaduna Polytechnic, wata rana dole ya tsaya gaban malamai ya kare binciken kammala karatunsa, kuma sunkuyar da kai ba za ta amsa masa tambaya ba.

Alhali garin Kaduna ya san masu magana. A watan Agusta na 1950, Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta daga Bauci, ya miƙe a Majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e gyara, a lokacin da taɓa ikon sarakuna ba wasa ba ne. Ana yawan yabon zaƙin muryarsa, sai a manta cewa ya shigo ne da buƙata guda ɗaya bayyananna, ya jero hujjojinta, har ƙudurin ya wuce. Sheikh Abubakar Gumi kuwa, a tafsirinsa na Masallacin Sultan Bello da Rediyon Kaduna ke yaɗawa a zamaninsa, a zaune yake magana cikin natsuwa, da Hausar da mai faci da babban sakatare duk suke ganewa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gaisuwa. A ba mutum minti biyar a walima ko taron ƙungiya, sai ya cinye uku wajen jero mai girma wane, mai martaba wane, uban taro, uwar taro, kafin ya iso ga abin da ya tashe shi an fara raba lemo. Sau da yawa mafaka ce kawai ga wanda bai shirya ba. Sallama da gaisuwa ɗaya mai kyau sun wadatar.

Don haka in ɗalibin nan ya koma kujerarsa yana share gumi, kada malam ya fara da zancen tsayuwa ko motsin hannu. Ya tambaye shi: "Me ka so mu riƙe daga maganarka?" In ya iya amsawa cikin jimla ɗaya, sai a sake fito da shi, wannan karon a ce ya zaɓi mutum ɗaya a layin baya ya yi magana yadda zai ji shi.