Maɓuɓɓugar ruwan zafi: abin da ya kamata ka sani kafin ka ziyarce ta

Ya kai mai karatu, a wasu wurare na duniya ruwa yana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa da zafinsa, ba tare da an hura masa wuta ba. Ana kiran irin wannan wuri maɓuɓɓugar ruwan zafi. A Nijar, wadda aka fi sani ita ce ta Tafadek, cikin duwatsun Abzin, arewa da birnin Agadas.

Me ke sa ruwan ya yi zafi?

Cikin ƙasa yana da zafi ƙwarai. In aka nutsa kilomita 1, zafin yakan ƙaru da kimanin digiri 25 zuwa 30. Idan aka yi ruwan sama, wani sashe yana bin tsagogin duwatsu ya gangara ƙasa. A can yake ɗumama, sannan ya sake hawowa ta wata tsaga. Inda akwai dutse mai aman wuta, zafin ya fi kusa da doron ƙasa, saboda haka ruwan yakan fi zafi. A Abzin akwai tsofaffin duwatsu masu aman wuta da suka daɗe da mutuwa.

A kan hanyarsa, ruwan yana narkar da gishiri da ma'adanai. Idan ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, farar wuta ce ke cikinsa.

Ina ake samun su?

A ƙasar Cadi akwai su a duwatsun Tibesti. A Japan mutane sun saba wanka a cikinsu tun zamanin da. A Amurka, gandun Yellowstone da aka keɓe tun 1872 yana da wasu da ruwansu ke tafasa, kallo kawai ake yi. A Nijeriya akwai Wikki a gandun dajin Yankari na jihar Bauci. Ruwan Wikki mai ɗumi ne, digiri 31 ko da yaushe, amma shi ba na dutse mai aman wuta ba ne.

Me ke kai mutane Tafadek?

Wasu kallo ne ke kai su, su ga ikon Allah. Wasu kuma masu ciwon gaɓoɓi ne ko ciwon fata. Ruwan ɗumi yana sassauta jiki, yana rage raɗaɗin gaɓoɓi na ɗan lokaci. Amma ba ya maye gurbin asibiti. Kada ka bar maganin da likita ya rubuta maka domin ka yi wanka a maɓuɓɓuga.

Baƙi kuma suna kawo amfani ga mutanen wurin: ƴan jagora, direbobi, masu sayar da abinci da maƙera duk suna samun abin sawa a aljihu.

Yaya za ka kiyaye lafiyarka?

1. Zafin jikin mutum digiri 37 ne. Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin ƴan daƙiƙoƙi. Ka tambayi mutanen wurin inda ake shiga, sannan ka gwada a hankali.

2. Kada ka wuce minti 10 zuwa 15 a ciki. Idan ka ji jiri, fita nan take.

3. Mace mai ciki, da mai hawan jini, da mai ciwon zuciya su nemi shawarar likita tukuna.

4. Kada ka sha ruwan, kada ka nutsa kanka a ciki, kada ka shiga da ɗanyen rauni. Ka tafi da ruwan shanka mai tsabta.

5. Ka riƙe hannun yaro. Fatarsa ta fi ta babba saurin ƙonewa.

Kafin ka tashi

Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi dacewa da tafiyar. Da damina koramu suna cika, suna yanke hanya. Ka tambayi hukumomin Agadas labarin tsaro, kuma ka nemi ɗan jagora ɗan yankin. Idan ka isa, ka mutunta al'adun masu wurin. Kada ka zuba shara ko ruwan sabulu a bakin maɓuɓɓugar, domin wasu ma za su zo bayanka.