Asara Da Tabar Ci: Gaskiyar Da Kamfanoni Suka Daɗe Suna Musu

A Jigwada ta cikin garin Keffi, kamar sauran garuruwan Arewa, akan tarar da dattijon da bai taɓa kunna sigari ba, amma ba ya rabo da battar asara. Wani kuma garin taba yake cuɗawa da kanwa ya dasa a bakinsa. Galibinsu sun ɗauka tun da babu hayaƙi, babu cuta. Hausawa dai sun ce taba ta bambanta da garin gero.

Tun cikin 1761 wani likita a Landan, John Hill, ya yi gargaɗi cewa shaƙar asara tana jawo ciwon daji a hanci. Cikin 1974 masana a Amurka suka gano wani sinadari mai haddasa ciwon daji a cikin tabar da ko wuta ba ta taɓa ba. An buga binciken a fili, saboda haka babu kamfanin da zai ce bai sani ba.

Duk da haka kamfanoni suka dage a kan cewa babu tabbatacciyar hujja. Cikin 1984 wani saurayi ɗan tsere a Jihar Oklahoma, Sean Marsee, ya rasu yana da shekara 19, bayan ciwon daji ya cinye harshensa. Mahaifiyarsa ta kai ƙarar kamfanin U.S. Tobacco, amma cikin 1986 kamfanin ya yi nasara. A shekarar ce kuma majalisar Amurka ta tilasta rubuta gargaɗi a jikin kowane gwangwani.

Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa irin wannan taba tana kawo ciwon daji a baki da maƙoshi. Kanwa kuwa hanzarta shigar nikotin cikin jini take yi, watau ita ke ƙara wa mutum wuyar bari.

Nijeriya ta kafa dokar taƙaita taba cikin 2015, sai dai ƙullin da ake saye a kasuwa ba ya ɗauke da wani gargaɗi. Saboda haka duk wanda ya ga farin tabo ko gyambo a bakinsa ya wuce mako biyu bai warke ba, ya hanzarta zuwa Asibitin Tarayya na Keffi. Allah Ya kiyashe mu, amin.