VANUATU: TSIBIRAN DA KE ZAUNE BISA WUTA

Hausawa na cewa ba a shan zuma sai an sha harbi. Can cikin tekun Fasifik akwai wata ƙaramar ƙasa mai suna Vanuatu, wadda wannan karin magana ya yi wa daidai. Duwatsu masu aman wuta da teku su ne ke jawo mata baƙi da kuɗin ƙasashen waje, su ne kuma ke rushe mata gidaje, suna korar mutane daga gonakinsu.

Ina ƙasar take?

Vanuatu tarin tsibirai ne kimanin 83, waɗanda mutane ke zaune bisa wajen 65 daga cikinsu. Suna gabas da Ostiraliya da nisan kilomita kusan 1.750, yamma da Fiji, a jere daga arewa zuwa kudu tsawon kilomita 1.300, wato kamar tafiyar Yamai zuwa Difa. Amma in aka haɗa faɗin ƙasarsu duka, bai wuce murabba'in kilomita 12.189 ba, kusan kashi ɗaya bisa ɗari na faɗin Nijar ke nan. Ƙidayar shekara ta 2020 ta samu mutum dubu 300. Babban birni shi ne Port-Vila, cikin tsibirin Efate. Tsibiri mafi girma kuwa Santo ne, inda dutsen Tabwemasana yake, mai tsawon mita 1.879, wanda ya ɗara kowane dutse a ƙasar.

Masana sun bayyana cewa ɓawon duniya ba dunƙule yake ba, falle-falle ne masu motsi a hankali. Daidai wannan wuri, fallen da ke ɗauke da Ostiraliya yana kutsawa ƙarƙashin wanda tsibiran ke bisa. Wannan gugar ita ke haddasa girgizar ƙasa, ita ke narkar da dutse ya taso sama. Galibin tsibiran ta haka suka fito daga cikin ruwa. Tokar da duwatsun ke zubarwa kuwa ta zama taki: doya, gwaza, rogo, ayaba da kwakwa suna yin kyau ƙwarai, kuma mafi yawan jama'a manoma ne da ke cin abin da suka shuka.

Ƙasa ɗaya, Turawa biyu

Baturen farko da ya iso shi ne Queirós, wani matuƙin jirgin ruwa da ke wa sarkin Sifen aiki, cikin 1606. A 1774 Kyaftin Cook na Ingila ya zagaye tsibiran, ya laƙaba musu sunan da Faransawa suka riƙa rubutawa Nouvelles-Hébrides. A ƙasar Hausa Faransa da Ingila iyaka suka ja, kowa ya ɗauki rabonsa. A can kuwa, daga 1906, tare suka yi mulki bisa ƙasa guda: hakimai biyu, ƴan sanda iri biyu, lakwal iri biyu, kurkuku iri biyu. Ranar 30 ga watan Yuli 1980 ƙasar ta samu ƴancin kai, Walter Lini ya zama firaminista na farko.

Har yanzu Faransanci da Ingilishi harsunan gwamnati ne, tare da Bislama, harshen da ya haɗa kowa a kasuwa da rediyo. Ban da su akwai harsunan gida fiye da 100, abin da ya sa, in aka auna da yawan jama'a, da wuya a samu ƙasar da ta kai ta yawan harsuna. Tsarin mulkin ƙasar ya kuma tanadi wani abu mai muhimmanci ga wannan labari: dukan filaye na ƴan asalin wurin ne bisa ga al'ada. Baƙo ba ya sayen fili, sai dai haya. Saboda haka dutse, kogo ko bakin teku da ƴan yawon buɗe ido ke zuwa gani, kowane da masu shi, kuma su ake biya kuɗin shiga.

Yasur, dutsen da ba ya barci

Wurin da ya fi kowane suna yana kudu, cikin tsibirin Tanna. Dutsen Yasur bai cika tsawo ba, mita 361 ne kawai, amma ɗaruruwan shekaru ke nan bai daina aman wuta ba. An ce jan hasken da yake yi da dare shi ya jawo Kyaftin Cook zuwa Tanna, kuma tun daga lokacin matuƙan jiragen ruwa ke ɗaukarsa tamkar fitilar teku.

Abin da ya bambanta Yasur da sauran irinsa shi ne sauƙin kai wa gare shi. Mota tana ratsa wani fili na toka mai kama da hamada, ba ciyawa ba itace, ta aje mutum a gindin ganuwar ƙarshe. Daga nan tafiyar ƴan mintoci ce a ƙasa zuwa bakin ramin. Ana zuwa ne da la'asar sakaliya, a jira magariba. Sau da yawa cikin sa'a guda sai ƙasa ta motsa ƙarƙashin ƙafa, a ji ƙara kamar tsawa, jajayen duwatsu su tashi sama su faɗo suna ci da wuta. Warin farar wuta na shaƙe maƙogwaro. Masu aunon gwamnati suna sa ido bisa dutsen dare da rana, in ya tsananta sai a rufe hanya, don an taɓa samun baƙin da dutse ya faɗo wa suka rasu.

Ga mutanen ƙauyukan kewaye, Yasur abin girmamawa ne tun kaka da kakanni, yanzu kuma ya zama hanyar samu: jagoranci, masauki, haya da mota. Amma tokar da baƙo ke ɗauka hoto, ita ce ke sauka bisa gonaki ta ƙone ganye, ta ɓata ruwan sha.

Tsallen doya a Pentecôte

A kudancin tsibirin Pentecôte ake yin wani biki mai suna naghol, tsakanin watan Afrilu da na Yuni, lokacin da doya ta nuna. Maza na sare itatuwa su kafa hasumiya mai tsawon mita 20 zuwa 30, ba ƙusa ko ɗaya, sai ɗauri da jijiyoyin kurmi. Kowane mai tsalle ana auna masa igiya biyu ta irin wannan jijiya daidai tsawon da zai faɗo, a ɗaure masa a idon sawu. A ƙasa an kafce wurin ya yi laushi. Mata na rawa da waƙa, shi kuwa sai ya buɗe hannuwa ya faɗo da ka. Abin da ake so, gashin kansa ya shafi ƙasa, don a ganinsu hakan ke sa albarka ga doyar baɗi. Yara maza na farawa daga matakan ƙasa, manya daga ƙoli.

Tatsuniyarsu ta ce mace ce ta fara. Ta gudu daga mijinta mai cutar da ita, ta hau itace, ya bi ta. Ta ɗaura igiya a ƙafa ba da saninsa ba, ta yi tsalle ta tsira, shi kuma ya biyo ta ya hallaka.

Lokacin bikin ba banza aka zaɓe shi ba, domin a cikin watannin nan ne igiyar ke da danƙon da zai riƙe nauyin mutum. A 1974, da Sarauniya Elizabet ta Ingila ta kawo ziyara, an shirya mata tsallen ba a kan lokacinsa ba. Igiyar wani ta tsinke, ya faɗo, ya rasu bayan haka. Daga wannan al'ada ne Turawa suka samo wasan tsalle da igiyar roba daga bisa gada, wanda ya zama sana'ar miliyoyi a duniya. Masu asalin abin kuwa ba su samu kasonsu ba: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da yaƙi ya bari a Santo

A lokacin yaƙin duniya na biyu Amurka ta kafa babban sansani a Santo don yaƙar Japan, kuma daga nan garin Luganville ya samo asalin girmansa. Ranar 26 ga watan Oktoba 1942, wani katafaren jirgin ruwa mai suna President Coolidge, tsawonsa kusan mita 200, ɗauke da soja fiye da dubu 5, ya taka nakiyoyin da Amurkawa da kansu suka dasa a mashigar tashar. Matuƙin ya kora shi bakin gaɓa, sojoji suka sauka, mutum biyu kaɗai suka mutu, sannan jirgin ya sulale ya nutse. Yana nan kwance har yau da motocinsa da bindigoginsa, kifaye sun mai da shi gida. Masu nutso daga ko'ina suna zuwa, don daga bakin gaɓa ake shiga a iske shi.

Kusa da nan akwai wurin da ake kira Million Dollar Point. Da yaƙi ya ƙare, Amurkawa sun yi tayin sayar da kayan aikinsu da araha ga hukumomin mulkin mallaka. Labarin da ake bayarwa shi ne waɗannan sun ƙi saye, suna zaton za a bar musu kyauta. Sai Amurkawa suka tura manyan motoci da injinan gyaran hanya cikin teku. Dukiyar da za ta iya gina hanyoyin tsibirin, yau tsatsarta ake biya a kalla. Santo na da kuma farin rairayi a bakin tekun Champagne, da idanun ruwa masu shuɗi kamar an zuba baba, waɗanda ke ɓuɓɓugowa daga cikin farar ƙasa.

Kabarin Roi Mata

Ba duk abin gani ne na ban tsoro ba. Tsofaffin Efate sun daɗe suna ba da labarin wani sarki, Roi Mata, wanda ya sasanta ƙabilu masu gaba wajen shekara ta 1600. Sun ce ya zauna a Mangaas, ya cika cikin kogon Fels na tsibirin Lelepa, aka bizne shi a ɗan tsibirin Artok tare da mutanensa, daga nan aka haramta zama a wurin. Shekaru kusan 400 ba wanda ya keta wannan hani. A 1967 wani masanin tarihi Bafaranshe, José Garanger, ya nemi izinin sarakuna ya haƙa inda aka nuna masa. Ya iske sarkin da kayan adonsa, kewaye da ƙasusuwan maza da mata da dama, kamar yadda bakin tsofaffi ya faɗa. A 2008 hukumar UNESCO ta sa wuraren nan uku cikin jerin kayan tarihi na duniya, kuma ƴaƴan ƙauyukan ne ke yi wa baƙi jagora.

Harbin da ke biye da zuma

Yawon buɗe ido na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin Vanuatu. Galibin baƙin daga Ostiraliya da Niyu Zilan suke, da yawa cikin manyan jiragen ruwa na shaƙatawa. Sai dai wannan arziki a bakin rami yake. Ranar 13 ga watan Maris 2015 guguwar Pam ta auka wa ƙasar da iska mai gudun kilomita 250 a sa'a. Ta shafi mutum kusan dubu 188, hasarar ta kai wajen kashi biyu bisa uku na abin da ƙasar ke samarwa a shekara. A 2017, sannan a 2018, dutsen tsibirin Ambae ya tashi, aka kwashe mazaunansa duka, wajen mutum dubu 11. A watan Disamba 2018 tafkunan narkakken dutse na Ambrym, waɗanda baƙi ke hawa gani, suka zurare cikin ƙasa suka ɓace, masu jagora suka wayi gari ba abin nunawa. A Maris 2023 guguwa biyu suka zo a jere cikin mako guda. Ranar 17 ga watan Disamba 2024 girgizar ƙasa mai ƙarfin 7,3 ta kashe mutum 14, ta rusa gine-gine a tsakiyar Port-Vila.

Mutanen Vanuatu sun bambanta abu biyu. Wutar dutse da girgizar ƙasa ba laifin kowa ba ne, tare da su kakanninsu suka zauna. Amma ɗumamar duniya, wadda ke ƙara wa guguwa ƙarfi, take sa teku na cin gaɓa, hayaƙin manyan ƙasashe ne ya jawo ta. Ɗaliban shari'a a jami'ar da ke Port-Vila ne suka kawo shawarar a kai maganar kotu, cikin 2019, gwamnati ta ɗauka. A watan Maris 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a nemi fatawar Kotun Duniya, kuma ranar 23 ga watan Yuli 2025 kotun ta bayyana cewa kare yanayi wajibi ne bisa kowace ƙasa, wadda ta yi sakaci kuwa ana iya neman ta da diyya. Fatawa ce, ba hukuncin tilas ba, amma ƙasashen Sahel da ke fama da fari da ambaliya su ma sun samu hujja a cikinta.

Baƙo na kwana biyu a Tanna ya koma gida da hotunan wuta. Manomin da ya yi masa jagora kuwa, da gari ya waye sai ya share toka bisa rufin ɗakinsa, ya duba randar ruwa, ya ɗauki addarsa ya nufi gonar doya. Allah ya kiyaye su da sauran bayinsa daga bala'in ƙasa da na sama.