Kifin Ado a Falo: Ki San Nauyinsa Kafin Ki Ce Maigida Ya Sayo

A yau zan ɗan kauce wa darasin da muka saba, in taɓo wani abin ƙawa da ya fara shiga gidajenmu, wato akwatin gilashi na kifin ado.

Abin da ya jawo maganar shi ne wata ƙanwar maigidana da ke aure a Ingila. Suna haya a saman bene, suka sayi babban akwatin kifi saboda yara. Bayan 'yan watanni ta lura ruwan ya fi taruwa a gefe guda, daɓen wurin kuma yana ƙara idan an taka. Da aka kira mai gyara ya ɗaga kafet, sai ga katakon ƙasa ya fara lanƙwasa. Allah Ya kiyaye, domin a gindin akwatin nan jaririnta yake rarrafe kullum.

Me addini ya ce?

Ajiye dabba a gida don nishaɗi ya halatta. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ƙanen Anas bin Malik, wato Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Manzon Allah (SAW) ya sani bai hana ba. Daga nan malamai suka ɗauki halaccin. Amma waɗannan malaman biyu su ne kuma suka ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. To kifin da ke cikin gilashi ya fi kyanwa rauni. Ba ya kuka ki ji, ba ya iya fita. Abincinsa da iskarsa da tsaftar ruwansa duk suna wuyanki. Idan kin san ba za ki iya ba, barinsa a shagon ya fi miki alheri.

Lissafin da ba a yi

Yawancinmu kyan kifin muke kallo, mu manta da nauyin ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ki auna tsawon akwatin da faɗinsa da zurfinsa da santimita, ki ninka su, ki raba da 1,000, zai ba ki yawan litar. Misali, akwati mai tsawon 120, faɗi 45, zurfi 50 yana cin lita 270, wato kusan jarka 11 irin mai lita 25 ta 'yan garuwa. Ki ƙara gilashin kansa, wanda zai kai kilo 50, da tsakuwa da duwatsun ado da teburin da zai zauna a kai. Jimilla za ta kai wajen kilo 350. Buhun siminti bakwai ke nan, a jibge a wuri guda, dare da rana, shekara da shekaru.

A Ingila da Amurka yawancin gidajen zama, musamman saman bene, daɓensu na katako ne. Ana jera dogayen katakai a kwance daga bango zuwa bango, sannan a shimfiɗa falanki a kansu. Ƙa'idar gini a Ingila tana lissafa daɓen ɗakin zama a kan wajen kilo 150 ga kowace murabba'in mita, ta Amurka kuma wajen kilo 195. Wannan lissafi na nauyin da ya bazu ne a duk faɗin ɗaki. Akwatin namu kuwa ya tara kilo 350 a kan abin da bai fi rabin murabba'in mita da kaɗan ba. Ba lallai ne daɓen ya rufta ba, amma yana iya lotsawa a hankali. Da ya lotsa akwatin zai karkace, ruwan ya danna gefe guda, gam ɗin da ya riƙe gilasan ya fara saki. Ranar da ya ɓalle, ga fasasshen gilashi, ga ruwa, ga wayoyin lantarki a ƙasa.

Don haka 'yar uwa da ke zaune a irin waɗannan gidaje, ki kiyaye abubuwa huɗu. Na farko, a jingina akwatin da bangon da ke ɗauke da ginin, domin katako ya fi ƙarfi kusa da inda ya hau bango, ya fi rauni a tsakiyar ɗaki. Na biyu, a gano inda katakan ƙasa suka dosa, a ɗora akwatin ya gitta su, yadda uku ko huɗu za su raba nauyin, maimakon ya kwanta a bayan guda ɗaya. Na uku, a zaɓi teburi mai shimfiɗaɗɗen gindi, ko a sa falanki mai kauri a ƙarƙashinsa, saboda siraran ƙafafu huɗu suna tara nauyi a 'yan wurare. Na huɗu, idan akwatin babba ne ko gidan tsoho ne, a kira injiniyan gini ya duba, a kuma nemi izinin mai gidan. Gidan haya amana ne, haka ma maƙwabcin da ke ƙasanku.

Mu da ke gida fa?

Wadda daɓenta na siminti ne a ƙasa ba ta da wannan fargaba. Tata matsalar teburi ce. Kada ki ɗora akwatin kifi a kan teburin talabijin ko durowar da aka yi da matsattsen garin katako, domin da ruwa ya taɓa shi yake kumbura ya ruguje. Ki sa kafinta ko mai walda ya yi na musamman, ki faɗa masa nauyin da kilo. A riƙa duba ƙafafun saboda gara. Masu benen ƙasa da aka yi da azara kuwa, akwatin ya zauna a ƙasa kawai. Kafin a cika shi, a zuba ruwa kaɗan a duba: idan ruwan bai yi daidai da bakin gilashin ta kowane gefe ba, a gyara zaman teburin tukuna.

Kula da kifin

Yawancin kifin ado na ƙasashe masu zafi ne. Wasu daga kogin Amazon suke, wasu daga tafkin Malawi, wasu ma daga kogunan Najeriya ake fitar da su zuwa Turai, kamar ɗan kifin nan mai doguwar haɓa kamar haurin giwa ko hancinta. Suna son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 27. A hunturu sai an sa musu hita, a bazara kuma a nisanta su da taga, domin ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai. Kifin nan mai ruwan zinare, wanda asalinsa daga Sin ne, ya fi son ruwa mai sanyi, don haka ba a haɗa shi da su.

Kada ki cika sabon akwati da kifi a rana ɗaya. Kashinsu yana fitar da guba, kuma wasu ƙwayoyin halitta masu amfani ne ke karya ta. Su kuwa sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita a cikin matatar ruwan. Ki fara da kaɗan, ki riƙa ƙarawa sannu a hankali. Kowane mako ki kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ki sa sabo, tsohon kuma ki ba shukokinki. Ruwan famfo yana iya zuwa da sinadarin kulorin, wanda ke kashe kifi, sai an ɗiga masa maganin da ake sayarwa tare da kayan kifin. Ba a wanke akwatin da sabulu ko omo. Abinci kuma abin da za su cinye cikin minti biyu ya isa, ki hana yara ƙara musu don tausayi.

Akwai abubuwa biyu da suka shafe mu musamman. Ɗaya, ɗauke wuta: idan injin iska ya tsaya tsawon awanni kifin zai galabaita, don haka a tanadi ƙaramin mai batir ko a haɗa shi da sola. Biyu, maganin sauro na fesawa guba ne ga kifi. A rufe akwatin sosai, a kashe injin iskar kafin a fesa, a kunna bayan warin ya fita.

Game da yara, a sa wa akwatin murfi, a ɗaga soket sama da inda ruwa zai iya kaiwa, kada a bar kujerar da za su taka kusa da shi. Ki ba manyansu aikin ciyarwa bi da bi, ki zauna da su kuna kallon launukan kifin kuna tasbihi ga Wanda Ya halicce su.

Shawarata ga mai farawa ita ce akwati matsakaici, na lita 60 zuwa 100. Kafin maigida ya biya kuɗi, ku ɗauki awo, ku yi lissafin nan tare, ku kuma yanke wanda zai kula da kifin idan kun yi tafiya.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da ke ƙarƙashinmu, Ya tsare mana zuriya. Sai wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.