Me Ya Sa Tabar Wiwi Take Tsada?

Gero da awaki suna da kasuwa. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, kowa na gani. A Kanada, tun 2018, wiwi ma a kanti ake sayar da ita, gwamnati na karɓar haraji. A Nijar ba haka ba ne. Dokar 23 ga Satumba 1999 ta hana nomanta, sayar da ita da ɗaukarta. A ɓoye take tafiya. Duk shingen jandarma da ta tsallake, sai kuɗinta ya hau.

A watan Maris 2021, ƴan sanda sun kama tan 17 na ƙaron wiwi a Yamai. Daga Labanan ya fito, ya sauka Lome, za a kai shi Libiya. An ƙiyasta kuɗinsa miliyar 20 na sefa.

Irin wannan kaya ta jihar Agadas yake bi zuwa arewa. Masu shi sukan nemi direba da ɗan jagora da suka san hamada.  In aka tare mota, mai kaya yana nesa. Direba ake kaiwa kaso, motar kuma a riƙe ta.