Idan kayan da ka saya suka yi maka rauni: yadda ake ɗaukar lauya

Yau za mu duba matsalar kayan da ake saye da lahani a cikinsu: tukunyar gas mai yoyo, cajar waya da ta kama wuta, batirin sola da ya fashe, ko maganin jabu. Sau da yawa in abin ya faru sai a ce ƙaddara ce, a yi shiru. Ƙaddara gaskiya ce, amma doka ta ba wanda aka cuta damar neman diyya. Aya ta 1382 ta kundin dokokin farar hula na Nijar ta ɗora wa duk wanda laifinsa ya jawo wa wani ɓarna nauyin biya.

Sai dai kotu hujja take so. Abu uku lauya zai nuna: kayan na da lahani, an ji rauni, kuma lahanin ne ya jawo raunin. Don haka aikin daga gida yake farawa. Kada a jefar da abin, ko da ya ƙone ƙurmus, kada kuma a kai shi gyara. A adana kwalinsa da takardar saye, a ɗauki hoto da waya. A je likita nan take, a karɓi takardar shaidar rauni, a tara takardun magani. A rubuta sunayen waɗanda suka gani, sannan a kai ƙara wajen jandarma ko ƴan sanda.

Ku tuna da maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, wanda ya kashe yara sama da 80 a Najeriya daga shekarar 2008. Gwajin da aka yi wa maganin ne ya nuna akwai guba a ciki, har kotu a Legas ta yanke hukuncin ɗauri a 2013.

Wajen zaɓen lauya, a tabbata sunansa na cikin jerin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa da ke Yamai. A yi hattara da dillalan bakin kotu masu cewa sun san alƙali. A tambaye shi ko ya taɓa riƙe irin wannan shari'a, da kuma wa za a kama: mai shago, wanda ya shigo da kayan, ko kamfanin da ya ƙera. Maganar kuɗin aikinsa a yi ta tun farko, a rubuce, kuma duk abin da aka biya a karɓi takarda. Ƴan'uwa da ke turo kuɗi daga waje, ku riƙa neman hoton takardar nan.

Wanda ba shi da hali, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 domin taimaka wa marasa ƙarfi a harkar shari'a. A je babbar kotun jiha, a Maraɗi, Damagaram ko Tawa, a tambayi ofishinta.

In mai kaya ya zo da dattawa neman sulhu, sulhu alheri ne. Amma kada a sa hannu ko a dangwala yatsa kafin lauya ya karanta takardar, don wani raunin sai daga baya yake nuna girmansa. Kada kuma a yi jinkiri, saboda doka ta sa wa'adin kai ƙara.

Allah ya kiyaye mu da iyalanmu.